Rigata a Cikin Indararo

Ranar wata Laraba ce a tsakiyar bazara, shekarar da aka kama ni aka sa ni makarantar boko, na hau rufin sabon zauren uban ƙasarmu da riga da wando a dunƙule cikin hammata. Zamanin Turawa ne, ni kuwa ina da shekara tara ko goma, ya danganta da wadda ka tambaya tsakanin Inna da kakata. Rana ta take, ma'aikata duk sun sauka sun fake gindin tsamiya suna shan fura, ba kowa a sama sai ni da ƙadangaru. Rufin ya ɗau zafi har yana gasa mini tafin ƙafa, ina ɗaga wannan ina ajiye waccan kamar mai koyon rawa. Na zagaya bayan tulluwa, wato tudun nan na tsakiyar rufi mai kama da kifaffiyar ƙwarya, na durƙusa bakin indararon baya, na cusa rigar da wandon a ciki, na sa sanda na tura su can inda hannu ba ya kaiwa. Sannan na miƙe na dubi gari daga sama, rumbuna da dangogi da matan da ke dawowa daga rijiya, ina ji a raina duk ƙasar Sakkwato ba a taɓa haihuwar yaro mai wayona ba. Yau ga ni da furfura har a gira, na yi wauta iri-iri a duniya, amma har yanzu ban yi wadda ta kamo ƙafar ta ranar nan ba, ko da yake Allah ya sani na yi ƙoƙari.

Wanda ya gina zauren mahaifina ne, Arzika Magini. Gini gadon gidanmu ne, ya koya wurin ubansa, uban ya koya wurin nasa. A wancan zamani in ka tashi daga Bodinga ka bi ta Dingyadi, ka gangara Lambara har Shagari da Mandera, da wuya ka wuce ƙauye uku ba ka sha inuwar aikinsa ba, ko masallaci, ko zauren hakimi, ko soron wani mai albasa da Allah ya buɗa wa. Har barikin da Turawa ke sauka in sun fito rangadi shi aka sa ya gina, ya dawo yana mamakin mutanen da ke son taga ta kusa kai ƙofa girma. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa ya bushe ya tsattsage kamar bakin tafki da rani, in ya shafa kanka sai ka ji kamar an goga maka dutse. Ba ya riƙe takarda, ba ya riƙe igiyar awo. Tafin ƙafarsa da kamunsa, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, su ne ma'auninsa. Zai zo fili ya tsaya shiru har mai gida ya fara tunanin ko ya manta abin da ya kawo shi, can sai ya ja ƙafa a ƙasa ya zana ɗaki, ya ce a haƙa nan. Ƙasar gini kuwa sai ya ɗanɗana ta a harshe kafin ya yarda a ɗora wa jaki. Na taɓa kwaikwayonsa a gaban yara, na dumbuzi ƙasa na watsa a baki ina gyaɗa kai irin na manya, ashe inda akuya ta tsaya na ɗiba.

Gini aikin rani ne. Da an kai gero rumbu sai gidanmu ya rage mutane. Baba da ma'aikatansa su ɗaure tsani da igiyoyi bisa jakuna su tafi inda aka kira su, wani lokaci wata biyu ba mu sa shi a ido ba, sai dai Inna ta riƙa aika masa da dawo da yaji ta hannun masu zuwa kasuwa. In aikin na kusa ne, mu yara mu ne 'yan kwaɓa. A zuba jar ƙasa, a watsa mata ruwa da yankakkiyar ciyawa da kashin jaki, mu shiga mu yi ta tattakawa har ƙafa ta mutu, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, a sake kiranmu. Daga nan a mulmula tubali, mai faɗin gindi da tsinin kai, a jera a rana. Abin da na fi son kallo shi ne jifa. Baba na zaune bisa bango ya raba ƙafa, na ƙasa ya wurgo tubali, ya cafe ba tare da ya duba ba, ya dasa, ya miƙa hannu wani ya faɗo a ciki, haka har azahar ba ka jin komai sai tim, tim. Itacen rufi kuwa azara ce, tsagin giginya, kuma sai namijin giginya, don shi ne gara ba ta iya wa. Da ita yake ɗaura baka, yana ɗora guntu bisa guntu daga bangon nan da bangon can, kowane ya ɗan leƙo gaba da na ƙarƙashinsa, har su haɗu can sama su riƙe juna ba ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya. A ƙarshe a shafe rufin da makuba, jiƙon ɓawon ɗorawa mai wari da ke hana ruwa ratsa ƙasa. Ni dai gudummawata a wannan babban aiki ba ta wuce jifan 'yan talla da curin laka da kwance wa jakuna dabaibayi ba.

Baba na da ƙa'ida biyu da kowa ya san shi da su. Ta farko, in gini ya ƙare, kafin ruwa ya sauka, shi da kansa zai hau rufi da dogon karan dawa, ya zura cikin kowane indararo, ya leƙa ta kan bango har ya ga kan karan ya fito waje. Yakan ce, "Ruwan da ka wucewa ba shi kashe gini, sai wanda yas samu wurin zama." Ta biyu, ranar da aka yi ruwan farko mai ƙarfi, zai zo ya shimfiɗa tabarma a tsakiyar sabon ɗakin, daidai ƙarƙashin inda bakunan suka haɗu, ya zauna, ya zaunar da babban ɗansa a gefensa har ruwa ya ɗauke. Ko garin na da nisa, da ya ga sama ta fara canjawa sai mu je mu jira. Haka ubansa ya yi da shi. Ba sai an yi wa mai gida bayani ba, yana gani ya san mutum ba zai kawo ɗansa ƙarƙashin abin da yake shakka ba. Ni ne babban ɗan, tun ban san sa wando ba nake wannan zama. Kullum sai Inna ta yi mita, "Kai dai wata rana sai ka kashe min ɗa don a ce ka iya gini." Ni kam ina son abin, don mai gida yakan aiko da fura mai nono da yawa, wani har da kaza, kuma babu aikin da ya dace da ni a duniya irin a ce in zauna kawai.

A shekarar da nake magana abubuwa sun fara juya wa magina baya. Kwano ya shigo. Duk wanda ya je Sakkwato ya dawo sai ya ba da labarin rufin nan mai walƙiya da ba ya neman yaɓe kowace shekara. Uban ƙasarmu na da aiki uku a gabansa, sabon zaure, ɗakin shari'a, da sabunta masallacin Juma'a. Baturen da ke duba ayyuka ya ba shi shawara a yi su da bulo da siminti da kwano, ya ce ƙasa ba za ta ɗauki faɗin da ake so ba. Uban ƙasa kuwa tare suka yi wasan ƙasa da Baba, ba ya son ya kunyata shi, ba ya kuma son ya musa wa Bature, sai ya raba gardamar. Arzika ya fara gina zauren yadda ya iya, daidai faɗin da Bature ya auna. In ya ci ruwan farko bai ɗiga ba, sauran biyun nasa ne. In ya ɗiga, a kira masu kwano. Baba bai taɓa ɗaura baka mai faɗin wannan ba. Rani guda cur ya yi a kansa, ya rame, ya daina hira, ya taka har fadamun kudu ya zaɓi giginya da kansa. Don kada ruwa ya zubo wa baƙi a bakin ƙofa, sai ya karkata rufin duka zuwa baya, ya sa wani babban indararo na ƙwaƙulallen itacen giginya ya ɗauke kusan dukan ruwan ya zubar a wani lungu ta cikin gida, ɓangaren mata, inda namiji ba ya shiga. Mutane na zuwa daga ƙauyuka su tsaya cikin zauren su ɗaga kai har hula ta faɗi. Duk wannan na sani, da kunnena na ji ana maganar a zaurenmu. Amma abin da ke shiga kunnen yaro irina ba lalle ya isa kansa ba.

Ni damuwata makaranta ce. An ce kowane gari ya ba da yara, masu dabara suka ɓoye nasu a rumbuna da rugage, Baba kuwa yana tsakiyar aikin uban ƙasa, ba shi da bakin cewa a'a, aka rubuta sunana. Aka ba mu riga da gajeren wando na yadin akoko, aka ce kayan hukuma ne, wanda ya yi wasa da su zai haɗu da dogarai. Malaminmu wani dogon mutum ne da ba ya rabuwa da tsumagiya. Yana faman mu maimaita baƙaƙe, ni kuwa ta taga ina hango abokaina a gonaki da karnuka suna tonon gafiya. Wata uku na yi ina shan duka, abin da na koya bai wuce rubuta harafi huɗu ba, biyu daga ciki a juye. Sai na lura da abu guda, duk yaron da ya zo ba rigar makaranta korarsa ake yi gida. Abin da ya kai ni rufin ke nan. Da na sauko na ruga rafin fadama na jiƙa jikina, na shigo gida tsirara ina rusa kuka, na ce ina wanka saniyar Fulani ta cinye mini kaya. Inna ta dafe ƙirji ta ce, "Har wandon?" Na ce har wandon, da mazaginsa. Kakata ta ce lalle shanun bana sun lalace. Baba ya dube ni kawai, gajiya ta yi masa yawa. Malam ya ce in zauna gida sai an aiko da wasu kayan daga Sakkwato, abin da kowa ya san zai iya kai kaka. Na samu duniya sabuwa, langa da safe, kokawa a yashi, harbin kurciya da danƙo, in dawo da yamma fari fat kamar an tono ni.

Bayan kamar mako uku iska ta juya, gabas ta fara yin duhu da la'asar. A daidai lokacin Baba ya zame daga tsani yana gyaran wata kusurwa, gwiwarsa ta gurɗe ta kumbura kamar tulu. Ranar zura kara ta zo, ma'aikata sun riga sun watse sharar gona. Ya dogara sanda ya zo gindin tsani, ya sa ƙafa a matakin farko, ya sauke. Ya sake gwadawa, zufa ta karyo masa. Sai ya juyo ya miƙo mini karan. "Nomau, hau. Ka zura dut, ka tabbata ka ga kai ya hito." Ban taɓa ganin ya ba wani mahaluki wannan kara ba. Na hau. Ƙananan indararo biyu na gefe, kara ya wuce sumul. Na zo na baya, na kwanta rub da ciki na zura hannu, yatsuna ba su ko taɓa rigar ba. Na sa karan ina son in ƙwaƙulo ta, sai na ƙara tura ta ciki, karan ya karye, guntun ya tokare. Daga ƙasa na ji muryarsa, "Mi kag gani?" Da a nan na faɗi gaskiya, da bulala goma ta kashe maganar. Na leƙo ta kan bango na ce, "Lahiya lau, Baba, dut sun wuce." Ya gyaɗa kai ya ce Allah shi yi albarka. Na ce a raina gobe zan dawo da ƙugiya in zaro ta. Da yamma aka ɗauke tsanin aka mai da shi gidanmu. Washegari aka ce an ga zomo a bayan gari. Jibi na manta.

Ruwan ya zo ranar Litinin bayan la'asar. Hadari ya taso baƙi ƙirin, iska ta fara kwasar dangogi, kaji na gudu, mata na kwashe shanya. Baba ya ce, "Ɗauko tabarma." Sai a lokacin rigar ta faɗo mini a rai. Na ce cikina ke ciwo. Inna ta ce a bar ni. Baba ya ce in zo ya yi ciwon a can. Muka tarar zauren ya cika, uban ƙasa na kan shimfiɗarsa a gefe, ga fadawa, ga liman, ga wani malamin ofis da Bature ya aiko tun kwana biyu don ya gani da ido ya kai labari, da takarda a hannu da fensir a kunne. Aka shimfiɗa tabarmarmu a tsakiya muka zauna. Ruwa ya kece. A ciki kuwa sai sanyi da ƙamshin sabuwar ƙasa. Daɗin soron ƙasa ke nan, ruwa na dukan duniya a waje, kai kana jinsa can nesa kamar ana daka a wata unguwa. Fadawa suka fara, "Arzika gwani! Arzika uban magina!" Baba kuwa ya karkata kai yana saurare. Na san abin da yake nema, ƙarar babban indararo yana zuba a lungu, wadda ya kamata a ce ta cika kunne. Babu ita. Ya juyo ya dube ni. Ni kuma na dubi tabarma kamar ranar na fara ganin tabarma.

Sai ga wani baƙin tabo can sama wajen kusurwar baya, kamar tafin hannu. Kafin a jima ya kai faifai, ya bi jikin baka yana tahowa. Ɗigon farko a gwiwata ya sauka. Malamin ofis ya matso ya ɗaga kai, na biyu ya sauka a takardarsa. Yabon fadawa ya tsaya cak. Sannan wani ɓangaren yaɓe mai girman akushi ya ɓallo ya faɗo tim tsakanina da Baba, ya watsa mana laka har ido. Wuri ya rikice, fadawa suka yi kan uban ƙasa suna cewa a fito da shi. Baba ya fizge ni ya tura ni bakin ƙofa, ya ce a ruga gida a ɗauko tsani da ƙugiyar rijiya.

Mutumin da ya kasa taka mataki ɗaya kwana huɗu da suka wuce, shi na gani yana hawa cikin ruwa, yana jan ƙafa guda, ƙugiya a kafaɗa. Wani bafade ya ce bari ya hau maimakonsa, Baba ya ce ba mai taka masa rufi. Daga baya ya gaya wa Inna ruwan da ya tarar a bayan tulluwa ya kai masa ƙwauri. Muna tsaye a jiƙe muka ji wata ƙara daga cikin gida, mata suka sa ihu, ruwan da ya taru ya ɓarke lokaci guda. Ya daɗe bai sauko ba. Da ya sauko na lura cikinsa ya yi tudu a ƙarƙashin riga kamar ya ɓoye kaza. Ni kaɗai na san ko mene ne.

Ya shiga zauren ya durƙusa da ƙyar bisa gwiwar mai lafiya. Uban ƙasa ya ce, "Arzika, mi yas samu ginin ga?"

"Ranka shi daɗe, indararo na yat toshe."

"Mi yat toshe shi?"

Na rufe ido ina jiran in ji sunana.

"Allah shi ba ka nasara, ban hau na duba ba. Tun ina saurayi nika hawa, bana ban hau ba. Laihina na."

Uban ƙasa ya daɗe yana kallonsa. Ya dubi tudun cikinsa, ya dube ni. Dattijo ne mai ido, ina jin ya fahimci wani abu. Ya sassauta murya ya ce, "In da wata magana ka hwaɗe ta, Arzika. Ga Malam nan shina rubutawa." Baba ya ce babu wata magana. Malamin ofis ya rubuta abin da ya gani, kuma ba ƙarya ya rubuta ba, rufi ya ɗiga a ruwan farko.

A gida Baba ya ciro su ya ajiye gaban Inna, riga da wando sun rine jawur da ƙasa da makuba, ga guntun kara a naɗe a ciki. Ya ce, "Ga abin da saniya tam maido." Inna ta ɗauko muciya, ya ce ta ajiye. Wallahi da ya bari ta dake ni da na fi samun sauƙi. Aka wanke kayan har sau uku jan bai fita ba. Da safe ya sa na saka su da ɗanyensu, ya raka ni makaranta da sandarsa yana ɗingishi har bakin aji, ya ce wa Malam an ga kayan. Shekara biyu na yi cikin jar riga yara na kirana Ɗan Makuba, kafin Malam ya gaji ya ce kaina ba na boko ba ne, abin da na riga shi sani. Na daɗe ina juya dalilin da ya hana Baba ciro rigar a gaban jama'a, alhali da ya ciro ta kowa zai ga ginin ba shi da aibu. Sai da na yi gemu Inna ta gaya mini ita ma ta tambaye shi a ranar, ya ce, "Da nic ce shi na, dogarai za su dake shi, kuma har shi tsuhwa ana nuna shi da baki. Ni niy yi ƙa'ida, ni nik karya ta."

Cikin kwana biyu ya gyara zauren, bai sake ɗiga ba, amma magana ta riga ta tafi Sakkwato a takarda. Da rani motar kwano ta zo. Aka gina ɗakin shari'a da bulo, masallaci ma aka ɗora masa ƙarfe. Hakimai suka bi, masu albasa suka bi. Ba zan ce rigata ce ta kawo kwano ƙasarmu ba, yana tafe ko da ni ko ba ni, amma ni na riƙe masa ƙofa. Baba ya koma gyaran katanga da ginin rumbu da ɗan ɗakin kwana, shi da ake aiko wa da doki daga garuruwa. Gwiwar ba ta sake miƙewa ba. Ma'aikatansa suka watse, wasu suka tafi ci-rani, wasu suka koma ɗaukar bulo. Bai taɓa tayar mini da maganar ba, ko sau ɗaya, ko cikin fushi. Abu guda ne ya canja. In ya yi ɗan gini, ruwan farko ya zo, sai ya naɗe tabarmarsa ya fita shi kaɗai. Ba ni, ba ƙanena. Nakan bi shi da ido daga bakin zaure yana ɗingishi cikin iska har ya sha kwana. Ban gaji ginin ba. Na yi dako, na yi yaron mota, na yi fataucin albasa har kudu, ko'ina na bar musu abin ba da labari.

Ina da wajen shekara ashirin da biyar na dawo daga yawona da bazara, na tarar ɗakin Inna ya tsage, Baba ya rushe shi ya sake gina mata wani ɗan soro mai baka biyu kacal. Yana zaune bisa turmi ya yi shi, yana gaya wa ƙanena inda zai dasa tubali, don ido ya fara dushewa. Ranar da hadari ya haɗu ina tsakar gida ina ɗinke takalmina, sai na ji an taɓa mini kafaɗa da wani abu. Karan dawa ne a hannun Baba. Bai ko dube ni ba. Ya ce, "Hau." Na hau. Indararo ɗaya ne tak. Na zura karan har sau bakwai, na hura da baki, na sa aka miƙo mini buta na zuba na ga ruwan ya fita. Daga ƙasa ya ce, "Mi kag gani?" Na ce, "Ya wuce, Baba." Ya ce, "Ba saniya ciki?" Inna ta yi dariya har ta zauna ƙasa tana share ido da gefen zane. Da na sauko ya ce, "Ɗauko tabarma." Muka zauna, ƙato da ni, gwiwata na gugar tasa don ɗakin ƙarami ne. Ruwa ya sauka, indararo na ta zuba a waje, ya karkata kai yana saurare. Muna nan zaune har ruwan ya ɗauke. Gininsa na ƙarshe ke nan, bai ga wata daminar ba.

Zauren uban ƙasa ya daɗe bayan Baba. Yana tsaye ɗakin shari'a na bulo ya tsage, yana tsaye aka canja wa masallaci kwano. Daga baya aka daina yi masa yaɓe, ba mai hawa da kara, wata damina ya durƙusa. Shaguna ne a wurin yanzu, ana sayar da katin waya daidai inda tabarmarmu take. Ni ma ƙarƙashin kwano nake kwana, 'ya'yana suka yi mini, Allah ya yi musu albarka. Da bazara yana dafa ni kamar dankali, da damina kuwa in ruwa ya sauka ba na jin abin da jikana ke faɗa ko yana gefena. Na tambayi maginin da ya yi ɗakin ko zai zo ya zauna a ciki da ɗansa ranar ruwan farko, ya dube ni, ya ja babban ɗana gefe ya tambaye shi ko tsoho na shan maganinsa. Na gaji, ƙafa ta gaji, abokan tonon gafiya duk sun riga ni. Amma har yanzu in hadari ya haɗu nakan jawo tabarma tsakiyar ɗaki in zauna, in karkata kai, ina neman wata ƙara da kwano ba ya bari a ji. Amsar gaskiya ga tambayar da Baba ya yi mini daga gindin tsani, sai yanzu na ba da ita a wannan labari, da ba sauran mai tambaya.